Ba kullum dabba ke ba mutum cuta ba

Kai da ka gama makarantar yaƙi da jahilci, yau ga ka riƙe da takarda kana karantawa da bakinka, gyara zama. Zancenmu na yau na cuta ne, amma ta wata fuska da ba mu saba dubawa ba.

Tun muna yara mun san dabba tana ba mutum cuta. Mahaukacin kare in ya ciji yaro, kowa ya san abin da ke biyo baya. Wanda ya feɗe saniyar da ciwon saifa ya kashe, ya ci namanta, shi ma ya san sauran. A shekarar 2016 mutanen Cintabaradan da Tasara, cikin jihar Tawa, sun ga zazzaɓin nan da ya sa bisashe ɓari, ya kuma kashe mutane, galibinsu makiyaya. Duk wannan gaskiya ne, ba mai musu. Shi ya sa da zarar an haɗa sunan cuta da na dabba, hankalinmu hanya guda yake bi: daga dabba zuwa mutum.

To, hanyar nan ana tafiya cikinta, ana kuma dawowa. Mutum ma yana ba dabba cuta. Korona ta nuna ma duniya haka ƙiri-ƙiri. Ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko: in cuta ta shiga gida, a fara duba mai gida kafin a ɗaukar ma dabba sanda. Mai ciwo kuma ya yi nesa da dabba kamar yadda yake yin nesa da jariri. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ka tuna yadda abin ya faro. Cutar ta bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin Disamba 2019. Nan Nijar an samu mutum na farko da ya kamu ranar 19 ga Maris 2020. Aka rufe iyakoki, aka rufe makarantu da masallatai, aka hana yawon dare a Yamai. Muna cikin wannan hali, hankalin kowa na kan mutane, can wasu ƙasashe likitocin dabbobi suka fara ganin wani abu.

Ƙarshen Fabrairu 2020, a birnin Hon Kon, wata mata ta kamu. Tana da wani ɗan kare tsoho, mai shekara 17. Aka gwada shi, aka samu ƙwayar cutar a hancinsa. Karen nan ba ya yawon kasuwa, ba ya farauta, ba inda yake zuwa. Daga wurin uwar ɗakinsa ya samu. Wata guda bayan haka aka ji labarin wata mussa a ƙasar Beljik. Mussa, ita ce wasu ke ce ma mage ko kyanwa. Mai ita ta dawo daga Italiya da cutar, bayan kamar mako guda mussa ta fara amai da zawo, numfashi yana yi mata wuya. Ta sha jiki, amma ta warke.

Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne na gidan namun daji na Buronkis, cikin birnin Niyok na Amurka. Ranar 5 ga Afrilu 2020 aka ba da sanarwa cewa wata damisar Asiya, irin mai ratsi-ratsi, ƴar shekara 4, mai suna Nadiya, ta kamu. Tana tari, ta rage cin abinci. Da aka bi sauran, sai ga damisa 5 da zaki 3 duk da cutar. Gidan a rufe yake tun tsakiyar Maris, ba ɗan kallo ko guda. To wa ya kai masu? Masu yi masu hidima ne, masu ba su nama da share masu ɗaki. Wanda ya fara kai cutar ma bai san yana ɗauke da ita ba, don a lokacin ba ya jin ciwon komi. Duka takwas ɗin sun warke.

Ka duba abin nan da kyau. Zaki, da duk girmansa da kwarjininsa, tarin ɗan Adam ya kwantar da shi.

Daga nan labari ya yi ta zuwa. Cikin Janairu 2021 manyan birai da ake kira gorila suka kamu a San Diyego, can Amurka. Cikin Mayu na wannan shekara zaki 8 suka kamu a Haidarabad ta ƙasar Indiya, wata guda bayan haka wata zakanya ta mutu a gidan namun daji na kusa da birnin Cennai. A Afirka ta Kudu zaki 3 suka kamu daga masu tsaronsu. Cikin Nuwamba aka samu kura 2 da cutar a birnin Denba na Amurka, cikin Disamba kuma dorina 2 a Beljik, hancinsu yana ta zubar da majina. Zaki, kura, dorina: in ka taɓa zuwa Yamai ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama, ka ga irinsu da idonka. Kura kuwa ba sai ka je Yamai ba, ka ga gardawa suna yawo da ita kasuwa-kasuwa, su da biransu. Da can an ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yanzu mun gane har tarin gardi tana iya sha.

Kana iya tambaya, yaya cutar mutum take kama mussa, ga su ba dangi ba? Bari in ba ka misali da abin da ke ƙofar rumbunka. Ƙwayar korona ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Jikinta duk ƙayoyi ne kewaye, shi ya sa aka sa mata wannan suna, ma'anarsa kambin sarauta. Kowace ƙaya kamar mabuɗi take. Cikin hancin mutum da huhunsa kuma akwai wasu ƙananan ƙofofi masu kwaɗo. In mabuɗi ya dace da kwaɗo, ƙwayar ta shiga, ta yi ta haihuwa. To, kwaɗon mussa da na zaki da na biri sun yi kama da namu, mabuɗin yana buɗe su. Na kare yana buɗuwa, amma da ƙyar. Na kaza ya sha bamban, mabuɗin ba ya shiga.

Wannan ba faɗa ba ce kawai, an gwada. Cikin 2020 masana a birnin Harbin na ƙasar Sin suka sa ma dabbobi iri-iri ƙwayar da gangan don su ga abin da zai faru. Mussa ta kamu, har ta ba ƴar uwarta. Kare ya kamu kaɗan. Kaza da agwagwa da alade ba su kamu ba. A Jamus aka gwada shanu 6: biyu kaɗai ƙwayar ta ɗan zauna jikinsu na ƴan kwanaki, ba su yi ciwo ba, ba su kuma ba shanun da aka haɗa su da su ba. Awaki da tumaki su ma gwaji ya nuna ba wurin zamanta ba ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, ba na zo in tsorata ka ba ne. Garkenka ba ya cikin haɗarin wannan cuta. Ragon layya da kake turka, akuyar uwargida, kajin da ke kwana bayan ɗaki, ba su ne abin damuwa ba. Duk wanda ya zo ranar kasuwa ya ce maka korona ta shiga awaki, ka sayar da naka da sauri kafin su mutu, ka dube shi da kyau. Dillali ne yake neman araha.

Amma mussa da kare suna kamuwa, kuma fiye da yadda ake zato. A ƙasar Holan an bi gidajen waɗanda suka kamu, aka gwada karnuka da mussoshi 310. Aka samu 54 da alamar cutar cikin jininsu, wato kamar 1 cikin 6. Galibinsu ba su yi wani ciwo mai tsanani ba. A Kanada kuma aka lura cewa mussar da ke kwana bisa gadon mai ita ta fi saurin kamuwa. Ba abin mamaki ba ne. Dare guda cur tana shaƙar numfashinsa.

Shin dabbar gida tana mayar ma mutum da cutar? Da wuya ƙwarai, amma an taɓa gani. A ƙasar Tailan, cikin Agusta 2021, wani mutum da ɗansa suka kamu. Mussarsu tana kwana tare da su. Aka kai ta wurin wata likitar dabbobi, tana cikin ɗibar majinarta sai mussa ta yi mata atishawa a fuska. Likitar ta rufe hanci da baki, amma idonta a buɗe yake. Bayan ƴan kwanaki ta kwanta. Ka lura da yadda cutar ta bi: daga mutum zuwa mussa, sa'an nan daga mussa zuwa mutum. Da mai gida ya fitar da ita daga ɗaki tun ranar da ya fara zazzaɓi, da zancen ya tsaya nan.

Yanzu bari mu je inda abin ya yi muni, don can ne darasin yake da yawa.

A ƙasashen sanyi ana kiwon wata ƴar dabba mai suna minki. Ta yi kama da tunku. Ba don nama ake kiwonta ba, don fatarta ce mai laushi, wadda ake ɗinka ma masu kuɗi rigunan sanyi da ita. Ana sa su cikin kejin waya, keji jikin keji, dubu-dubu cikin rumfa guda. Ƙasar Danmak ita ce ta fi kowa wannan sana'a a duniya a lokacin. Tana da gidajen kiwo fiye da 1,000, uba ya gada daga kaka, ɗa yana jiran ya gada daga uba.

Cikin Afrilu 2020 aka fara ganin minki suna tari suna mutuwa a Holan. Ma'aikata ne suka kai masu cutar. Cikin Yuni ta ɓulla a Danmak. Kai makiyayi ka san abin da cunkoso ke yi. In ciwon huhu ya shiga garken da ke warwatse cikin daji, yana tafiya sannu. In ya same su a matse bakin rijiya, sai ya bi su kamar wutar daji. Haka aka yi. Ƙwayar ta samu dubban jikuna kusa da juna, tana fita wannan tana shiga wancan. Ita kuwa ƙwayar cuta duk lokacin da ta haihu tana iya sake kama kaɗan, kamar yadda iri ke sakewa in an daɗe ana shuka shi a wata ƙasa daban. Sai ga wata sabuwar kama ta fito daga minki, ta koma jikin mutane. An same ta jikin mutum 12 a arewacin ƙasar. Hukuma ta ji tsoro kada wannan sabuwar kama ta ƙi jin allurar rigakafin da ake kan haɗawa.

Ranar 4 ga Nuwamba 2020 firaministar Danmak, Mette Frederiksen, ta ba da umurni a kashe duk minki na ƙasar, masu ciwo da masu lafiya. Wajen miliyan 15 zuwa 17 ne. Gidajen da cutar ta shiga a lokacin sun ɗan wuce 200. Sauran, waɗanda suka fi yawa, lafiyarsu lau. Aka sa sojoji da ƴan sanda cikin aikin. Mutane suka ga dattawa suna kuka gaban rumfunansu.

Ba a yi mako guda ba sai ta bayyana cewa gwamnati ba ta da dokar da ta ba ta ikon kashe masu lafiya. An ba da umurni kafin a duba doka. Ministan gidan gona, Mogens Jensen, ya ajiye aiki ranar 18 ga wannan wata. Gawarwakin kuma an binne miliyoyinsu cikin gaggawa, ramukan ba su yi zurfi ba. Suka kumbura, suka turo ƙasa, suka fito fili. Aka ji tsoro kada su ɓata ruwan sha. Cikin 2021 sai da aka sake tone wajen miliyan 4 aka ƙone. Diyyar da aka amince a biya masu kiwo ta kai wajen miliyar 19 na kuɗinsu, wato fiye da miliyar 1,500 na kuɗinmu sefa. Sabuwar kamar da aka ji tsoro kuwa, cikin wannan wata na Nuwamba hukuma da kanta ta ce ga alama ta riga ta ɓace. An sake ba da izinin kiwon a farkon 2023, amma kaɗan ne suka koma. Sana'ar ta karye.

A nan zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Ban ce kada a taɓa kashe dabba don tsare lafiyar jama'a ba. Mahaukacin kare ba a lallashinsa. Da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya cikin Fabrairu 2006, an kashe kaji da agwagi, kuma da dalili, don wannan cuta cikin kaji take zaune, daga can take yaɗuwa. Rumfunan minki da cutar ta riga ta mamaye su ma da wuya a ce a bar su. Amma kashe na wanda bai ji ba bai gani ba, ba doka, ba shawara da mai dukiya, wannan aikin tsoro ne. Kuma tun farko wa ya kai cutar cikin rumfa? Mutum ne da ya tashi da zazzaɓi ya tafi aiki, ko wanda yake ɗauke da ita bai sani ba, ba wanda ya gwada shi a bakin ƙofa. Kuɗin gwada ma'aikata da sallamar mai tari ya je gida ya huta, ko kusa bai kai kuɗin diyya ba.

Danmak ba ita kaɗai ba ce. Cikin Janairu 2022, a Hon Kon, aka samu cutar jikin wasu ƴan ɓeraye na ado da ake kira hamsta, waɗanda aka kawo daga Holan ana sayar ma yara. Masu aiki da masu saye suka kamu. Hukuma ta sa aka kashe wajen 2,000. A birnin Shanghai kuma, cikin Afrilu na wannan shekara, an ɗauke wani mutum zuwa wurin killace masu cutar, karensa ya biyo mota, wani ma'aikaci ya buge shi har lahira a bakin titi. Ba wanda ya gwada karen. Mutanen ƙasar da kansu sun yi tir da abin.

Akwai kuma inda ba sanda ba bindiga da za ta yi magani. A Amurka da Kanada akwai wata irin barewa mai farar wutsiya, miliyoyi, tana yawo cikin daji har bayan gidajen mutane. Farkon 2021 aka gwada 360 a jihar Ohayo, aka samu 129 da ƙwayar korona. A jihar Ayowa, cikin waɗanda aka gwada daga ƙarshen Nuwamba 2020 zuwa Janairu 2021, fiye da 8 cikin 10 suna ɗauke da ita. Da aka duba kamar ƙwayar, aka ga irin ta mutanen yankin ce, kuma ba sau ɗaya ta tsallaka ba, sau da yawa. Barewa ba ta nuna ciwo, tana ba ƴan uwanta. Har an samu wasu tsofaffin kamannin cutar, waɗanda suka riga suka ɓace cikin mutane, suna nan jikin barewa. A Kanada, ƙarshen 2021, an samu mutum guda da irin ƙwayar da ta daɗe tana sake kama jikin barewa.

In kana so ka gane nauyin wannan, dubi maƙwabtanmu na Cadi. Ka san kurkunu, tsofaffi sun san yadda yake kwantar da manomi tsakiyar damina. Mu nan Nijar an ba mu shedar rabuwa da shi cikin 2013. A Cadi ma an kusa gamawa da shi, sai aka gane ya samu maɓoya jikin karnuka, har wasu shekaru ana ƙirga kare fiye da 1,000 masu shi. Aiki ya dawo sabo. Cutar da ke jikin mutane kaɗai ana iya yi mata ƙawanya. Wadda ta samu wurin ɓuya jikin dabba, musamman ta daji, kai da ita sai haƙuri.

Na san abin da wani zai ce: «Malam, mu ba mu da minki, ba mu da barewa mai farar wutsiya, korona kuma ta wuce. Wannan zancen Turawa ne.» Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci ranar 5 ga Mayu 2023. Amma ɗage doka daban, ƙarewar cuta daban. Tana nan tana yawo cikin mura da tari, ƙarfinta ne ya ragu don jikin mutane ya san ta. Kuma ko da ta ƙare ƙaf, hanyar da ta nuna mana tana nan, wasu cututtuka suna binta cikin garuruwanmu kullum.

Ɗauki tsila. Mai tsila a ciki ya tafi bayan gari ya tsuguna inda shanu ke kiwo. Ƙwan tsila ya zauna bisa ciyawa. Saniya ta ci. Ƙwan ya shiga namanta, ya zama wasu ƙananan ƙulle-ƙulle farare kamar ƙwayar dawa, a harshe da kumatu da zuciya. Ranar da aka yanka ta, malamin duba nama ya gani ya hana sayarwa, mahauci ya yi asara, ya dawo yana faɗa da wanda ya sayar mashi. In kuwa ba a duba ba, wani ya ci tsiren da bai gasu ba, tsila ta koma cikin mutum. Wa ya ba saniya? Mu ne. Salga guda da an gina da ta raba wannan gardama. Haka tarin fuka. Mun san ana samunsa daga madarar da ba a tafasa ba. Amma a ƙasar Habasha masana sun samu ƙwayar tarin fuka irin ta mutane jikin shanu, a yankin da manoma ke tauna taba su tofa ma sa a baki da sunan magani. Mu ma ka san akwai masu tofa ma dabba magani a baki ko a ido. Mai tari bai kamata ya yi wannan aiki ba.

To me za ka yi? Ba abu ne mai tsada ba. In zazzaɓi da tari suka kama ka, ka bar yaro ko ƙanenka ya ba dabbobi abinci da ruwa har ka warke. Kada mussa ta kwana bisa tabarmarka. Ke uwargida, sauran tuwon da mai ciwo ya ci ya rage, kada ki zuba ma kare, kada ki bar mussa ta lashe kwanonsa. Kakin da ya tofar a rufe shi da ƙasa ko toka. In ba kowa sai kai, ka ɗaura ƙyalle ka rufe hanci da baki kafin ka shiga garke, ka wanke hannu da sabulu kafin tatsa da bayanta. Gardi mai kura ko biri, da mafarauci mai karnuka, su wannan magana ta fi shafa, don sun fi kowa cuɗanya da dabbobinsu.

Abubuwan da ba a yi su ma ka san su. Ba a ɗaura ma dabba takunkumin hanci, numfashi zai gagare ta. Ba a yi mata wanka da ruwan jabel ko fetur. Ba a ba mussa farasitamol: ƙwaya guda tana iya kashe ta, don hantarta ba ta iya narkar da shi. Mai tallar magani bisa keke ba zai gaya maka wannan ba. Kada kuma a kori mussa daga gida don tsoro. Wanda ya kore ta cikin kaka, ɓera zai gaya mashi kuɗinta cikin rumbu kafin bazara.

Saura magana guda, ta masu raƙuma, don kada a haɗa abin da bai haɗu ba. Korona sunan dangi ne, ba sunan cuta guda ba. Kaji suna da tasu mai sa su tari, an san ta tun 1931. Maruƙa suna da tasu mai sa su zawo. Waɗannan ba su ne suka rufe mana masallatai ba. Raƙumi shi ma yana da tasa, kuma ita tana kama mutum. An gano ta a Saudiyya cikin 2012. Mutanen da aka tabbatar sun kamu a duniya sun kai wajen 2,600, galibinsu can Saudiyya, kuma kamar 1 cikin 3 sun rasu. An gwada raƙuman da ake yankawa a kwatar Kano, an samu alamarta jikin mafi yawansu. Raƙumi ba ya jin komi sai ƴar majina, musamman ƙanana. Wannan kam daga dabba take zuwa, ba mu ne muke ba shi ba. Duk da haka ba wanda ya ce a kashe raƙuma. Abin da likitoci suka ce shi ne a tafasa nonon taguwa kafin a sha, a dafa nama ya nuna, a wanke hannu bayan an taɓa hancin raƙumi. Mai ciwon suga ko na ƙoda ko na huhu kuma ya rage kusantarsu. Alhazai masu shirin tafiya su riƙe wannan.

In ka ga dabbarka tana tari ko ta ƙi ci bayan wani ya yi ciwo a gidan, ka ware ta gefe guda, ka ba ta ruwa da inuwa, ka tafi wurin likitan dabbobi na gundumarku. Kada ka tsaya kan bayanin dabbar kaɗai. Ka gaya mashi wa ya fara ciwo cikin mutanen gida, wace rana, kuma wa ke ba ta abinci. Tun da yanzu ka iya rubutu, ka rubuta ranakun a takarda ka tafi da ita, kada ka dogara ga tunani. In ka je asibiti don kanka, can ma ka faɗi irin dabbobin da kuke kwana da su.

Wanda yake da tambaya kan wannan zance ya rubuto ma gidan rediyo, za a karanta wasiƙarsa cikin shirin manoma. Sai mun haɗu a takarda ta gaba. Wassalam.